Ranar da Lukumanu Ya Zura da Gudu

Da lokotoro Nasara, wato likita, ya latsa tumbin Lukumanu baduku, sai ya ce masa in yana son ganin jikokinsa, ya riƙa zagaya gari da ƙafa kowace safiya.

Lukumanu ya riƙe maganar hannu bibbiyu. To amma a Agadas wa zai bar dattijo ya wuce ƙofarsa haka nan? Nan a ce, "Bisimilla, ga shayi," can a miƙo cuku da dabino. Kafin damina ta wuce, mazagin wandonsa ya kasa.

Matarsa Biba ta ce, "Malam, wannan ai kiwo ne. Ka riƙa gudu, mai tayi ba ya kama mai gudu."

Washegari ya tattare riga ya zura. Ba a taɓa ganin mai furfura yana gudu a banza ba, sai wani ya ƙwala ihu, "Raƙumi ya haukace!" Kasuwa ta watse, kowa ya bi bayansa, har mai unguwa, kai ba rawani.

Da gaskiya ta fito, ba wanda ya ƙara yi masa tayin ko ruwa. Lukumanu ya ci gaba da zagayensa kullum, tumbi ya zube, yana ta yabon lokotoro.