Mazaunin Madubi

A shekarar da motoci suka koma hannun dama na gama goge gilashin na'urar hangen nesa da nake haɗawa. Wata goma sha huɗu ina murza shi da yashin rafin Iku da jar ƙasa, har cikinsa ya lotsa kamar faranti. Onwuka mai madubai ya shafa masa azurfa. Bututu kuwa na tsinto shi inda ake gyaran hanyar Madalla. Saura mazaunin da madubin zai kwanta a gindin bututu, sai in ga duwatsun da aka ce suna kan wata.

Na kai aikin wurin Isiyaku kafinta, mutumin da iliminsa bai wuce ƙofa da benci ba. Na zana masa a ƙasa: faifan katako, ƙusa uku masu hular fata, madubi ya zauna a kansu kamar tukunya a murhu. A gefe, tsakanin madubin da katako, a bar rata wadda takarda za ta shiga.

"Rata, Baba Ladan?" Ya tuntsire da dariya. "Ni aikina ba ya girgiza. Tambayi duk garin nan."

"Gilashi yana numfashi, Isiyaku. In zafi ya taɓa shi buɗewa yake."

"To Allah Ya ba shi lafiya."

Na bar masa madubin na tafi azahar. Da na dawo ya gama, har ya kewaye bakin da wani zoben katako, wai don kyau. Ban san ya fere guntayen itace ya cusa su cikin ratar da guduma ba, zoben ya rufe su.

A tsakar gida na harhaɗa komai, na saita bututun wajen Dutsen Zuma don gwaji. Dutsen ya fito da kai biyu, a karkace, kamar an zauna a kansa. Ina ta juya ƙusoshi don hoton ya daidaita, rana tana dukan bututu, sai na ji ƙas!

Tsaga ta ratsa madubin daga gefe zuwa gefe.

Na ɗauko mazaunin da madubin a ciki na dire a gaban Isiyaku, na ɓamɓare zoben, na nuna masa guntayensa. Ya ɗaga abin, ya kife shi, ya girgiza a kusa da kunne, fuskarsa cike da alfahari.

"Amma Baba, ai ka ga bai faɗo ba."