Angon Kaka

Tun kafin a kira ta ɗakin tiyata Malama ta gaji. Bencin asibitin idon yana da nasa laifin, don ba a yi shi domin bayan mai shekara hamsin da ɗoriya ba, amma babbar gajiyar daga matar da ke gefenta ta zo. Matar ta leƙo ta dubi mutumin da ke riƙe da jakar Malama, ta ce, "Kin yi sa'a, baiwar Allah. Ni nawa 'ya'yan ko waya ba sa ɗauka. Allah ya yi wa ɗan nan naki albarka."

"Amin," in ji shi, ya sunkuyar da kai.

Amin! Mijinta ne fa, jama'a. Mijinta na aure, da shaidu da komai.

Mai Firji ake ce masa, don gyaran firji ne sana'arsa, kuma ta nan suka haɗu. Malama ta yi shekaru tana shugabancin makarantar 'yan mata har ta yi ritaya, mijinta na fari ya rasu, 'ya'ya kowa ya kama gabansa. Ta rage ita kaɗai a gida, sai wani tsohon firji mai gurnani. Ran da ya daina gurnanin aka turo mata wani siririn mutum da akwatin kayan aiki. Ya jawo firjin daga lungu, ya dube ta babu tsoro, ya ce, "Malama, shi ma fa yana son iska. Kin matse shi da bango, ya za a yi ya numfasa?" Ta yi dariya. Rabon da wani ya gaya mata ta yi kuskure har ta manta, kowa sai dai "ranki ya daɗe".

Daga nan firjin ya shiga lalacewa a kai a kai, ita ta san dalili, shi ma ya sani. Karatunsa bai yi nisa ba, a shagon maigidansa ya girma, ya taɓa aure bai ɗore ba. Tazarar da ke tsakaninsu ta kusa shekara ashirin, ga shi kuma irin mutanen nan ne da shekaru ba sa kama su, ko gemun kirki ba shi da shi. Amma yana sauraronta har ta kai aya, yana musu da ita a kan labaran rediyo, in ƙafarta ta kumbura ya zauna a ƙasa ya matsa mata yana ba ta labarin kwastomominsa. Tana son sa, babu wani kwane-kwane. Shi ma yana son ta.

Da aka ɗaura aure dangi suka yi ca, aka ce gida ya hango, aka ce an yi mata asiri. Duk wannan ta shanye. Abin da ya ƙi shanyuwa shi ne na kullum: a kasuwa a ce ɗanta, a banki a ce direbanta, shi kuwa bawan Allah sai ya ce "to", ko ya yi murmushi ya ɗauki kaya. Ta taɓa tambayarsa, ya ce, "Me za a ce musu, Malama? Bakin mutane ba shi da marfi." Ita kuwa ta fassara wa kanta: kunyar furfurarta yake ji.

Babban ɗanta, wanda take kira Lauya saboda aikinsa, ya ga ƙofa ta buɗe da maganar aikin idon nan. Ya ce an gyara mata ɗaki a gidansa, in an cire mata yanar idon ta zo ta yi jinya, "sai kin warke, Umma." Ta san ɗanta. Ta san in ta shiga motar nan, warkewar ba za ta zo ba har abada, za a yi ta "bari dai zuwa wata mai zuwa" har auren ya mutu da kansa ba wanda ya kashe shi. Ba ta ce masa e ba, ba ta ce a'a ba. Amma yau a kan bencin nan, da ta ji wannan "amin", sai ta yanke: in ya sake yin shiru sau ɗaya, motar Lauya za ta shiga. Mutum ba ya riƙe wanda ke jin kunyarsa.

Aikin bai ɗauki lokaci ba. Aka turo ta a keken marasa lafiya zuwa ɗakin hutawa, ido ɗaya a naɗe da bandeji, ɗayan ma da tasa yanar, ba ta ganin komai sai inuwoyi. An cire mata tabarau da ɗankwali, an sa mata wata hular leda, furfura duk ta leƙo ta gefe. Ba sai an ba ta madubi ba, ta san yadda ta koma. Ɗakin cike yake da tsofaffi masu bandeji da masu jinyarsu, ga warin magani, ga fanka tana juyawa ba iska. Ƙamshin turaren Lauya ya riga muryarsa isowa.

Wata nas, yarinya mai faran-faran da surutu, ta zo da kwalaben magani a faranti. "To, wa zan koya wa ɗiga mata wannan? A gidan wa za ta yi jinya?"

"A gidana," in ji Lauya. "Ni ne ɗanta."

"Madalla. Kai kuma fa?" Nas ta juya wajen Mai Firji.

"Shi ya kawo ta," Lauya ya amsa masa, kamar mai maganar ɗan tasi.

Malama ta riƙe hannun keken. Ta ji Mai Firji yana sauya jakarta daga wannan hannu zuwa wancan. To, shi ke nan, ta ce a ranta, har ta fara tunanin kayan da za ta aika a ɗauko mata.

"Matata ce," in ji Mai Firji.

Nas ta kwashe da dariya har kwalaben suka yi ƙara a farantin. "Au! Ashe jika ne! Kaka, ashe da angonki kika zo, shi ne ba ki gaya mana ba?"

Wa zai ga laifinta? Wane jika ne bai taɓa kiran kakarsa matarsa ba? Ga tsohuwa a keke da furfura, ga ɗanta mai tumbi da sanƙo, ga kuma wani mai fuskar yara yana cewa matata. Nan take ɗakin ya ɗauka. Wata tsohuwa daga can kusurwa ta ce, "Ke kin more! Ni nawa angon ya gudu, wai na yi masa tsufa." Wani dattijo ya ce, "Ango, ka dai shirya, in idon ya buɗe ta ga ramarka, sakinka za ta yi!" Aka yi ta dariya, dariyar alheri, ba wanda ya nufi mugunta. Lauya ya zaro wayarsa ya hau dannawa.

Da safe uwa ce, yanzu ta zama kaka. Malama ta ji hawaye yana neman zuwa, ta tuna an hana ta taɓa idon.

"Ba wasa nake ba," in ji Mai Firji. Muryarsa ta fito har ƙofa. "Matata ce ta aure. Ni ne mijinta."

Dariyar ta mutu guntu-guntu, na nesa suka fi daɗewa suna yi kafin labari ya kai musu. Sai ƙus-ƙus. Wani ya ce "ikon Allah" a hankali, wata ta ja tsaki ta mai da shi tari. Malama ba ta ganin fuska ko ɗaya, amma ta ji idanun ɗakin kaf a jikinta kamar zafin murhu.

Mai Firji ya durƙusa a gefen keken, ya yi ƙasa da murya. "Ki yi haƙuri, Malama. Abin da nake guje miki ke nan. Mace kamarki, wadda rabin gari ya bi ta hannunta, a ce mijinta mai gyaran firji. Na ga gara a ce ni ɗanki ne, ki tsira da mutuncinki. Amma yau na ga za a tafi da ke."

Ashe haka ne. Ita tana can tana lissafin furfura, shi yana nan yana kallon baƙin mai a faratansa. Haushi ya kama ta, na kanta da nasa, tausayi ya biyo baya, sai kuma wata gajiya mai nauyi ta danne su duka.

Ta gyara zama, ta nemo muryar da take tsai da ɗalibai da ita a filin taro. "'Yata, nuna wa mijina yadda ake ɗiga maganin."

"To, Mama. Ku yi haƙuri, wallahi ban sani ba."

"Umma," in ji Lauya, "ɗakin fa an riga an..."

"Allah ya yi maka albarka. Ka gaishe min da mutanen gidan. In ka samu sarari ka zo ka duba ni a ɗakina."

"Umma, ki dai yi tunani."

"Na yi. Na gaji, Lauya."

Lauya ya raka su har bakin titi, ya tsaya jim kaɗan, sannan ta ji takunsa ya nufi wajen ajiye motoci. Ta san fushin nan zai daɗe, kuma zai yi mata ciwo.

Mai Firji ya tsai da tasi, ya kare mata kai da tafin hannu kada ta bugi ƙofa, ya zauna kusa da ita da ledar magani a cinya. Mota ta shiga cunkoso, rana ta dako gilashi. Direban, dattijo mai son hira, ya dube su ta madubi.

"Sannu Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Kai kuma samari, ka riƙe uwa da kyau, aljannarka ke nan."

Ta ji Mai Firji ya ja numfashi, ya gyara zama zai yi magana. Ta lalubo hannunsa, mai kaushi, ta danne shi a kan cinyarta.

"Bar shi," ta ce, ta jingina kai a kafaɗarsa. "Na yau ya isa. Gobe ma sai mun sake faɗa musu."