Gefen da Ke Taɓa Fata

Usto Sangin mutum ne da ba ya son a koya masa aikinsa, kuma a gaskiya duk ƙauyukan kwarinmu babu wanda zai koya masa. Kowane allon shago ka gani, daga kantin magani har shagon aski, harufan roba ne da ya yanka a ɗan ɗakin aikinsa na bayan gida, ya kashe musu gefe a karkace har suna ɗaukar ido in rana ta doke su. To a wannan hunturun ƙafar jikarsa ce a gabansa.

Mehrona 'yar shekara huɗu ce, 'yar ɗansa Dilovar da ke aikin gini a Rasha. Da farkon sanyi tana wasa a ƙarƙashin bargon sandali, teburin nan da kowa ke zura ƙafafu ƙarƙashinsa don ɗumin garwashin da ke cikin rami, sai ƙafarta ta dama ta zame ta faɗa wuta. A asibitin Dushanbe aka yanko fata daga cinyarta aka rufe mata dunduniya da bayan ƙwauri. Aka sallamo su da wani mariƙin roba mai siffar rabin takalmi, da gargaɗi guda: tabon ƙuna ja yake yi. In aka bar ƙafar babu mariƙi zai janye dunduniyar sama, yarinya ta ƙare rayuwarta tana tafiya a kan yatsu.

Mariƙin asibiti bai yi tsawon rai ba. Bibi Gulandom, matar Usto, ba ta yarda a sa wa yaro abu mai sanyi a jiki ba, ko da cokali ne. Ta ɗora shi a kan murhun ƙarfe don ya ɗan yi ɗumi, maƙwabciya ta kira ta bakin ƙofa, hira ta yi daɗi, kafin ta dawo ya narke ya nannaɗe. A makon ne kuma dusar ƙanƙara ta zaftaro daga dutse ta toshe hanyar birni, babu mota mai shiga, babu mai fita.

Kullum da safe Shahlo, uwar yarinyar, takan tsayar da ita a kan darduma ta zura yatsa ƙarƙashin dunduniyar. Da farko yatsan ba ya shiga. Ranar da ya shiga ba tare da ta tura ba, ta ɗago kai ta dubi surukinta: dunduniyar ta fara tashi.

"Baban Dilovar," in ji Bibi, "kai da ka sa sunan mai aski ƙyalli, ƙafar jikarka ce za ta gagare ka?"

"Zan yi," in ji shi. "Ke dai in na gama ki yi nesa da murhu da shi."

Ya auna ƙafar da zare, ya sassaƙa irinta da itacen tuffa. Abin da ya rage masa fallen roba guda ne, kaurinsa bai fi na tsinken ashana ba. Bayan an kwashe burodi ya riƙa kara shi a bakin tanderu har ya yi laushi, ya kifa a kan ƙafar katakon ya danna. Yankin farko ya tsage. Na biyu ya yi zafi da yawa, ya yi ƙuraje. Na uku, wanda daga shi babu saura, ya zauna daram. Usto ya rage gefen da ƙaramin zarto, sannan ya ɗauki magagari ya yi abin da ya fi iyawa a duniya: ya kashe gefen a karkace tun daga ƙwauri har yatsu, ya bi da sanfefa, ya goge da tsumma. Ya ja babban yatsansa a kai, ya ji sumul.

Bayan azahar aka sa mata. Ana ɗaure madaurin farko ta fara kuka.

"Bobo, yana cizo na," ta ce wa kakanta.

"Ba ya cizo, 'yar Bobo. Ƙafar ce ke miƙewa."

"Dadajon, ko mu duba?" in ji Shahlo a hankali, da sunan da take kiran surukinta.

"Likita ai ya ce za ta yi kuka, kelin, matar ɗana. In muka biye wa kuka, gurguwa za mu aurar."

Da hannunsa ya riƙe ƙafar, da hannunsa ya ƙara tamke madaurin. Yarinyar ta yi ta kuka tana kiran sunansa har muryarta ta dishe. Kafin la'asar Shahlo ta kasa daurewa ta kwance. A jikin bandejin akwai jan layi siriri, miƙaƙƙe, daidai inda sabuwar fatar ta haɗu da tsohuwa.

Usto ya ga jinin, amma bakinsa bai mutu ba. Ya ce sauran haƙoran zarto ne da bai gani ba. Ya koma ɗakin aiki ya ƙara zurfafa karkacen, ya goge da toka da man goge baki har gefen ya riƙa sheƙi. Ban taɓa ganin mutumin da ya ba kuskurensa kulawa irin wannan ba.

Washegari da hantsi ya shigo da shi riƙe da hannu biyu. Shahlo na zaune tana feraye dankali. A gidajenmu matar ɗa ba ta musu da uban mijinta, kuma tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa ɗaga masa murya ba. Yau ma ba ta ɗaga ba. Ta karɓi mariƙin, ta ajiye wuƙarta, ta ɗauki dankali ta ja shi a gefen ta ciki. Ɓawo ya fita a nannaɗe, ya faɗa cikin kwano.

"Dadajon," ta ce, "wuƙa kuka wasa."

Ya karɓa ya juya shi a hasken taga, sai ya gane. Tun yana saurayi harafi yake yi wa gefe, kuma harafi fuska ake kashe masa, wajen da mai wucewa ke gani. Bayansa a bar shi a miƙe, tunda bango zai manne wa. Hannunsa ya yi abin da ya saba ba tare da ya tambaye shi ba: ya kashe gefen waje, ya bar na ciki. Kuma duk abin da ya ƙara ci daga waje, bakin ciki ƙara sirancewa yake yi, yana ƙara kaifi. Jiya da yamma, da yake ta goga yana jin daɗi, wasa shi yake yi.

"Gobe zan goya ta," in ji Shahlo. "Zan bi ta kan dutse da ƙafa. An ce daga can gefen ana samun mota."

"Kin san mutum nawa dutsen nan ya binne?" in ji Bibi.

"Na sani, Ochajon. To in zauna ina kallon ƙafarta tana tafiya?"

Usto bai ce ta yi ba, bai ce ta bari ba. Ya san za ta tafi. Ya ce, "Ki ba ni yinin yau."

Gyaran ba mai sauƙi ba ne. In ya kankare cikin yanzu, karkace biyu za su haɗu a tsakiya su zama takobi. Dole sai ya cinye karkacen da ya yi gaba ɗaya, gefen ya koma a miƙe, sannan ya fara sabo ta ciki. Bangon mariƙin kuwa da ma gajere ne, ragi ɗaya kawai zai ɗauka. In ya wuce haka ba zai riƙe dunduniya ba, kuma babu wani falle a gidan, babu a ƙauyen.

Ɗakin aikin ya kwana babu wuta, ruwan bokiti ma ya daskare. Yana ɗora magagari a wajen idon sawu ya ji ƙas. Tsaga ce 'yar ƙarama, kamar gashi, ta nufi dunduniya. Ya tsaya cak, gumi ya karyo masa a cikin wannan sanyin. Roba in ta sha sanyi gautsi take yi, ya sani sarai, gaggawa ce ta mantar da shi. Ya kunna ashana ya gasa allura har ta yi ja, ya huda rami a ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba.

Ɗaki ɗaya ne mai ɗumi a gidan, wanda yarinyar ke ciki. Ya tattara kayansa ya shiga. Mehrona na ganin abin da ke hannunsa ta ja bargo ta rufe kanta, tana ce wa uwarta, "Ocha, ga shi nan, ga shi nan." Ba mariƙin kaɗai take nufi ba, kowa ya gane. Usto ya juya mata baya ya fuskanci bango, ya zauna.

Ya mayar da ƙafar katakon ciki don gefen ya sami abin jingina, ya matse tsakanin gwiwoyinsa. Zarto ya yi masa haɗari, da magagari ya riƙa ci kaɗan-kaɗan, yana bin tsawon gefen, ba ya gittawa. Da gefen ya koma a miƙe ya zare katakon. Magagari ba ya shiga ta ciki, lanƙwasar ta yi ƙunci. Ya tashi ya fita, aka ji tas daga bayan gida, ya dawo da gutsattsarin gilashin tagar ɗakin aikinsa.

"Yau kuma taga ce ta yi laifi?" in ji Bibi.

Ya zaɓi guntu mai baki miƙaƙƙe, ya karkata shi, ya ja zuwa kansa. Wani farin zare na roba ya nannaɗo ya faɗi a kan darduma. Ya sake ja. Ja ɗaya, waje ɗaya, ba a komawa baya, in ka danna gilashin ya yi tsalle ya bar gurbi. Duk lokacin da ya kusanci ramin allurar nan sai ya ɗauke numfashi. Tsoro yake ji, tsoron da bai taɓa ji ba ko ranar da aka ɗauke ta zuwa asibiti, domin a ranar ba hannunsa ne ya yi ba. A zuciyarsa yana ta roƙon Allah abu guda, kada robar nan ta sake yin ƙara.

Shayin da aka zuba masa ya huce, aka sake wani, ya huce. Da ya ga kamar ya yi, ya ɗora babban yatsa zai ja.

"Wannan yatsan naka ko ƙaya ya taka ba zai sani ba," in ji Bibi. Wannan karon ba tsokana a muryarta.

Ya dubi yatsan, duk kanta, fatar ta yi kauri da tsagewa. Sai ya ɗaga mariƙin ya kai bakinsa, ya ja gefen a cikin leɓensa na ƙasa, a hankali, daga sama zuwa ƙasa. A wajen lanƙwasar dunduniya ya ji zafi, ya ɗanɗani jini. Ya goge da bayan hannu, ya ɗauki gilashi ya koma wurin. Haka ya yi ta yi, ya kankare, ya goge, ya kai baki. Farin zaren roba ya maƙale masa a gemu, leɓen ya kumbura, da ya daina ji da shi ya koma amfani da harshe. Dattijon da liman ke matsa wa wuri a masallaci ne zaune yana lasar roba, kuma babu wanda ya yi dariya.

Rana ta karkata kafin ya miƙa wa Shahlo. Ba ta kalli ƙyallinsa ba, da ma babu, gefen ya yi dishi-dishi, mummuna. Ta naɗe hannun rigarta, ta kifa shi a cikin damtsenta inda fata ta fi laushi, ta ce wa Bibi ta ɗaure da ƙarfi. Da shi a hannu ta kwaɓa ƙullun burodin gobe, tana dannawa tana juyawa, har ƙullun ya haɗu. Aka kwance. Babu komai sai shatin madauri.

Ta wanke hannu ta durƙusa gaban bargon. "Mehrona, fito mu sa takalminki."

"Ba na so."

"Wannan ba ya cizo. Kin ga na sa a hannuna."

Can daga ƙarƙashin bargo muryar ta fito, a dishe. "Sai Bobo ya fita."

Usto ya miƙe. Ya tattara gilasansa ɗaya bayan ɗaya don kada wani ya taka, ya sa takalmi ya fita tsakar gida.

Yana tsaye cikin dusar ƙanƙara kukan ya fara. Ya matsa jikin ƙofa ya kasa kunne, yana so ya rarrabe ko kukan jijiya mai miƙewa ne ko na fata mai yankewa, ya kasa. Jiya ma ai ya ɗauka ya sani. Ya kama mariƙin ƙofar, ya saki. Ya je har bakin garke ya dawo. Kukan ya yi sama, ya yi ƙasa, ya koma shessheƙa, shi kuwa ƙafafunsa sun daina jin sanyi.

Ana kiran magariba ƙofa ta buɗe, Shahlo ta leƙo.

"Na kwance na duba, na mayar. Babu jini, ko ja bai yi ba. Dunduniyar ta zauna."

Ya ce alhamdulillahi, muryar ba ta fita sosai ba saboda leɓen. Ya ɗaga ƙafa zai shiga, sai ya ga ba ta kauce daga bakin ƙofar ba. Kanta a sunkuye yake.

"Dadajon, ku yi haƙuri. Ta ce in kuka shigo za ta cire."

"Yau kawai?"

"Ban sani ba."

Ya tsaya yana kallon hasken ɗakin ta saman kafaɗarta. Yana jiyo muryar Bibi tana yi wa yarinyar waƙa, yarinyar tana gyara mata inda ta ɓata.

"Kada ta cire," ya ce. "Ki ce wa Bibinta ta miƙo min bargo da abincina, ina ɗakin aiki."