Gicciye a Bokitin Banɗaki

Shekara talatin da ɗaya Unguwarzoma ta yi tana karɓar haihuwa a asibiti. Jini, amai, ruwan faya, babu wanda bai taɓa ɓata mata riga ba, kuma ko sau ɗaya ba ta yamutsa fuska ba. Amma ranar wata Asabar, da rana tsaka, a falonta na kanta, sai da ƙyama ta kama ta.

Wajen sha ɗaya ta dawo daga wurin likita da takarda a jaka. Ranar Talata za a yi mata aiki a hanji, kuma ta san aikin, ta san ba kowa yake farkawa ba. Tana buɗe ƙofa ta miƙa yatsu inda ɗan kwanon ruwa mai tsarki yake rataye, don ta yi alamar gicciye kamar kullum. Ƙusa ta taɓa.

Ta ɗaga kai. Bango fayau. Babu hoton Zuciyar Yesu, babu mutum-mutumin Maryamu a kan kantar falon, babu carbin da ke wuyansa. A saman doguwar kujera kuwa, inda gicciyen mijinta yake, sai shatinsa kawai ya rage, fes a jikin fentin da ya dafe.

Ba gicciyen ado ba ne. Irin na majinyata ne, na katako mai kauri, wanda ake zame fuskarsa a tarar da kyandir biyu da 'yar kwalbar ruwa mai tsarki a ciki. Shi aka buɗe ranar da Fada, limamin cocinsu, ya zo ya shafa wa mijinta mai, kafin ya cika. Tun da ciwonta ya tsananta take nanata wa autanta magana ɗaya: in abu ya ɓaci, ya sauke gicciyen nan, ya kira Fada, kada ta tafi ba a shafa mata mai ba. Iyakar abin da ta roƙe shi ke nan a duniya.

Auta ya fito daga kicin yana ƙamshin turare, ya matse wuya da taye kamar mai zuwa kotu.

"Mama, kin dawo? Kar ki damu, ɗan kawar da su na yi. Awa biyu kawai."

"Saboda me?"

"Na gaya miki Manajan wurin aikinmu zai zo cin abinci da matarsa. Za a buɗe sabon reshe, ana neman wanda zai riƙe. Ba kowa ne yake sakewa da irin kayan nan ba, Mama."

"Irin kayan nan," ta maimaita. "Ina ka kai su?"

"Suna wuri mai kyau."

Bai tambaye ta abin da likita ya ce ba. Kafin ta sake magana aka ƙwanƙwasa ƙofa, ya zabura har yana tuntuɓe da tabarmar bakin ƙofa.

Manaja mutum ne mai tumbi da babbar murya, irin waɗanda ke fara dariya kafin su gama ba da labari. Matarsa siririya ce, ba ta da hayaniya. Ta rusuna ta gaida Unguwarzoma, ta zauna. Aka kawo shinkafa da kaza. Unguwarzoma ta juya cokali a faranti, ba ta kai ko loma baki ba.

Manaja ya tsotse ƙashi, ya lashe yatsu ɗaya bayan ɗaya, ya waiwaya ya dubi bangon.

"An ce ku Katolika ne, ko? To wallahi kun burge ni. Na taɓa shiga gidan wani ɗan cocinku, ko'ina gumaka, kamar shago. Ga wani hoto da zuciya a waje tana zubar da jini, idanun suna bin ka duk inda ka zauna. Na kasa haɗiyar lomar kirki!"

Auta ya fashe da dariya. Ba 'yar dariyar ladabi ba, a'a, har da buga cinya.

"Ai Yallaɓai, tsofaffi ne, sai haƙuri. Mu mun waye."

Unguwarzoma ta dube shi. Ga maiƙo a leɓensa, ga wata ƙwayar shinkafa a haƙorinsa, yana washe baki yana leƙen fuskar Manaja ya ga ko dariyar ta isa. Wannan bakin ne ta koya wa addu'ar Ubanmu a gaban wancan bangon. A ƙarƙashin hoton da ake yi wa ba'a ya kwanta kwana tara da zazzaɓi yana ɗan shekara shida, ita tana durƙushe. Ba fushi ta ji ba. Ƙyama ta ji, irin wadda mutum ke ji in ya taka abu mai laushi ba takalmi.

Matar Manaja ba ta yi dariya ba. Ta dubi shatin gicciyen a bango, ta dubi tsohuwar, sannan ta nemi a nuna mata banɗaki.

Ta daɗe a ciki. Ana jin famfo yana ta zuba, har Manaja ya fara tsokana. Da ta fito, hannayen rigarta a naɗe suke, ta rungumo wani abu a cikin tawul.

"Mama, ki gafarce ni. Sabulu nake nema, na buɗe ƙofar ƙarƙashin famfo."

Ta ajiye tawul ɗin a kan tebur tsakanin farantai, ta buɗe. Maryamu ce, an wanke ta, amma fentin fuskarta ya saɓule gefe ɗaya. Ga carbi, ga ɗan kwanon. Ga gicciyen, ya yi baƙi ya jiƙe sharkaf, yana warin tsumma.

"A bokiti na same su, wanda ake tare yoyon bututu da shi. Tare da tsumman goge ƙasa da burushin masai. Hoton yana jingine a baya, shi bai jiƙe ba." Ta dubi Unguwarzoma. "Ni ba addinina ba ne, ban ma san yadda ake riƙe su ba. Amma tsikar jikina ta tashi. Ko hoton kakata ba zan sa a wurin ba."

Manaja ya ajiye ƙashin da ke hannunsa, ya hau goge yatsu da sauri.

"Sauri nake yi, Mama," in ji Auta. "Ɗakinki a kulle yake. Ban lura akwai ruwa ba."

Unguwarzoma ta miƙa hannu. Ta ɗauki gicciyen, ta sa babban yatsa ta tura fuskarsa. Ya ƙi motsi. Katakon ya sha ruwa tun safe ya kumbura. Ta sake turawa da hannu biyu, sai wani ruwa mai launin toka ya tsiyayo ta gefe ya bi mata hannu.

"In ya sha rana kwana biyu zai buɗe," in ji matar Manaja a hankali. "In kin yarda zan zo in duba."

Unguwarzoma ta goge hannu da tawul. Ta jawo jakarta, ta zaro takardar asibiti da biro. Akwai layi ɗaya da ta bari ba ta cike ba, inda ake rubuta wanda za a kira in abu ya ɓaci. Tun farko niyyarta ita ce Auta ya rubuta lambarsa da hannunsa.

"'Yata, ranar Talata za a yi mini aiki. In aka kira ki, Fada kawai za ki kira mini, ki kai masa wannan. Za ki iya?"

"Zan iya, Mama."

"Faɗa mini lambarki."

Matar ta faɗa, tana rubutawa, lamba ɗaya bayan ɗaya. Auta ya tsaya da jug ɗin lemo a hannu.

"Talata? Wace Talata? Mama, ni fa?"

Ta ninke takardar ta mayar jaka.

"Kai je ka zubar da ruwan bokitin," ta ce. "Ya cika."