Gammon Malam

Kuna zaune a bencin ƙofar shago ranar da Malam ya fito yana dafa bango. Da kuka ga ya nufo ku, kowa ya duƙa a kan wayarsa. Kada wanda ya ce mini bai gan shi ba.

Maƙwabcinmu ne, tsohon malamin kimiyya. Da ya yi ritaya ya ƙera madubin hangen nesa da bututun ruwa da gilashin da ya goge da hannunsa, ya kafa a tsakar gida. Abu guda yake bi: wani dunƙulen taurari a cikin garken irinsa sama da dubu, wanda ya ce a naɗe yake kamar gammo. Tun daga nan kuka laƙaba masa Malam Gammo.

Ya taɓa nuna mini. Na leƙa, ban ga komai ba.

"Kar ka zuba masa ido, ɗana. Ɗan kalli gefe, sai ya fito."

Sai ga ɗan tabo fari-fari, kamar an shafe alli a allo. Ya ce hasken nan ya fi shekara miliyan hamsin a hanya. Tsakiyar kawai yake gani. Naɗin, hannayen nan da suka kewaye ta, sai da duhu sosai, lokacin da babu wata. Ana haka mai shago ya ɗaura babbar fitila a kan falwaya, tana zuba har cikin gidan Malam.

Roƙon da ya kawo muku benci ranar ke nan, a ɗan kashe ta in rana ta faɗi.

"Malam, in ɓarayi suka zo, gammon ne zai kore su?" in ji mai shago.

Kuka yi dariya, har da ku masu digiri.

Da ciwo ya kwantar da shi, 'yarsa ta zo jinya. Ta ji yana ta ambaton gammo, sai ta naɗe zanenta ta tallafa masa kai. Ba shi da ƙarfin yi mata bayani. Ya sa mata albarka, ya juya fuskarsa wajen taga, hasken fitilar nan na kan labule.

Na sake kai wa mai shago roƙon Malam, ya ce in bari sai gobe. Kafin hantsi Malam ya cika.

Kun zo ta'aziyya, kowa na cewa mutum ne mai ilimi. Ilimin da kuka kasa ara wa duhun sa'a guda!

Makon nan babu wata. Bututun na nan a tsakar gida inda ya bar shi, 'yarsa ta rufe bakinsa da zanen nan don ƙura. Yau in rana ta faɗi, ku tashi daga bencin, ku sa a kashe fitilar, ku shigo ku leƙa.