Gwangwanin Ban-sani-ba

Shekara goma sha ɗaya Malama tana tara tarkace: maɓallai, marufan kwalba, tsofaffin makullai, duwatsu masu santsi. A gwangwanayen madara take ajiye su, a cakuɗe. Kowace safiya sai ta juye su a kan tabarma, yara 'yan shekara huɗu su kewaye, kowa ya ware yadda ya ga dama. Ba ta taɓa cewa a ware ja daban, fari daban ba. Tambayarta ɗaya ce kullum: "Me ya sa ka haɗa waɗannan?" Akwai kuma wani ƙaramin gwangwani da ake jefa duk abin da aka rasa 'yan'uwansa. Yara suka raɗa masa suna Ban-sani-ba.

A ajin da ke jikin nata akwai wata matashiyar malama, yara na kiran ta Anti Ƙarama. Lokacin da ta zo, shekara uku da suka wuce, har kuka yara suke sa ta. Malama ce ta ja ta a jiki, ta koya mata aiki, suka zama Yaya da ƙanwa.

Sai shugabar makaranta ta ce za a haɗe azuzuwan biyu. Malama ɗaya za ta riƙe yaran, ɗayar ta koma ofis jera takardu. Sufeto zai zo ranar Alhamis ya duba darasin kowacce, ya zaɓa.

Ranar Litinin Anti Ƙarama ta leƙo. "Yaya, ara mini gwangwanayenki, kwana ɗaya tak."

"Ke kuwa, da makamina za ki yaƙe ni?" Malama ta ce tana dariya, ta ma taya ta ɗauka.

Ranar Talata Anti Ƙarama ta ce ta manta ta dawo da su. Ranar Laraba ta ce makullin kabad ɗinta ya ɓata, amma gobe da sassafe, wallahi.

Alhamis sufeto ya fara da ajin Anti Ƙarama. Bangon katako ne a tsakani, ana jin komai. Malama ta ji an juye gwangwani a tabarma, ƙarar da ta sani kamar muryar ɗanta. Ta ji an ce, "Me ya sa ka haɗa waɗannan?"

"Wannan dabara daga ina?" in ji sufeto.

"Ni na ƙirƙiro ta, ranka ya daɗe. Shekara uku ina tara kayan nan."

Malama ta tsaya da alli a hannu. Wata yarinya ta ja mata gyale. "Malama, waccan ƙarar maɓallanmu ce."

"Na ji, 'yata. Kowa ya cire takalminsa."

Da sufeto ya shigo ajin Malama, ya tarar da yara suna ware takalma. Wani yaro ya haɗa masu igiya, wata ta tara waɗanda ta ce "sun gaji". Sufeto ya yi murmushi ya rubuta wani abu.

"Da kyau, Malama. Na ga kin ɗauki darasi wajen maƙwabciyarki. Sai dai ki yi ƙoƙari ki tanadi kayan aiki kamar ita."

Malama ta dubi shugaba, wadda ta sha tsallake gwangwanayen nan a bakin ƙofa. Shugaba ta duƙar da kai tana gyara agogo.

Aka ba Anti Ƙarama ajin.

Bayan an tashi Anti Ƙarama ta shigo wa Malama da gwangwanayen a kwali. Ta wanke komai, ta jera ja daban, shuɗi daban, kowane gwangwani da takardar suna. Ƙaramin gwangwanin Ban-sani-ba kuwa fanko ne.

"Yaya, kin san ni ban iya zaman ofis ba. Ke kuma ko ina aka kai ki..."

"Ina kayan cikin wannan?"

"Na zubar. Ba su dace da komai ba."

Malama ta durƙusa, ta buɗe gwangwanayen ɗaya bayan ɗaya, ta juye su a kwalin, ta cakuɗa da hannu a hankali.

"In kika ware musu, me za su yi? Riƙe, na yara ne."

"Yaya, kin yafe mini?"

Malama ta ɗauki ƙaramin gwangwanin, ta goge shi da gefen gyalenta, ta sa a jaka.

"Wannan dai nawa ne," ta ce, ta nufi ofis.