Guntun Roba a Zuciyar Umma

Tun da aka gano sankarar mama a jikin Umma, ni nake yi mata wanka. A wani asibiti a Abuja aka dasa mata ɗan abu kamar maɓalli a ƙarƙashin fata, ƙasa da ƙashin wuya, haɗe da siririyar roba da ta shiga jijiya. Ta nan ake zuba mata magani. Likita Gimba ya ja mana kunne: kada a danna, kada a murza. Nakan kewaye wurin da soso ina riƙe numfashi.

Wani zuwa da muka yi, magani ya ƙi shiga, Umma kuma ta ce zuciyarta tana tsalle. Hoto ya nuna robar ta tsinke, guntun ya bi jini har cikin zuciya.

"Wa ke yi mata wanka?" in ji likita.

"Sharifa ce," in ji Baba.

Muka dawo gida Maitumbi jiran ranar da za a ciro guntun. Abinci ya daina wuce mini. Da Umma ta yi tari sai in kalli hannuwana.

Ana gobe za mu koma, Hajjo mai kawo mana nono ta shigo. Ita ake kira in yaro ya yi targaɗe a unguwarmu. Ta sauke ƙwarya tana fara'a, ta dubi Baba.

"Malam Jafaru, ya mai jiki? Kullin nan ya baje? Ai ranar da ka kira ni yatsa biyu na sa, da man kaɗanya mai zafi, har na ji ya yi ƙas! Na ce to, ciwo ya karye." Ta juyo gare ni. "Ke 'yar boko kina makaranta, da kin ga aiki."

Na dubi Umma. Ta juya fuska bango.

Bayan Hajjo ta fita Baba ya kira ni zaure.

"Ki rufa mana asiri, uwata. In likita ya ji, zai ce mun raina aikinsa."

"Baba, ka ce ni ce."

"Ni ban ce ke ce ba. Cewa na yi ke kike wanka."

"Kana gani ba na cin abinci."

Ya hau gyara hularsa.

A Abuja ba su tsaga ƙirjinta ba. 'Yar kafa suka huda a matsematsinta, suka zura waya mai zarge a baki ta cikin jijiya, suna bin ta a allo har zuciya, suka zargo guntun. Likita ya fito da shi a kwalba, fari, bai kai tsawon yatsana ba.

"Ta tsallake," ya ce. Sannan ya dube ni, a hankali. "Ƙanwata, in an sa wata robar, ki sassauta hannu. Da abin ya zo da ƙarar kwana fa?"

Na jira. Baba yana gefena, har ina jin ƙamshin turarensa. Ya yi gyaran murya.

"Za ta kiyaye, likita," ya ce. "Yarinya ce."

Aka turo Umma a kan gado, tana lumshe ido, ta miƙo mini hannu. Na kama ƙarfen gadon, na taya su turawa.